Akalar Jirgin Kawu a Bakin Tiga

Ana tsakiyar hunturu ɗan kawuna ya bugo mini waya bayan sallar isha'i. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, Baba ya ce ka zo da kayan aikinka, akalar jirginsa ta yi ciki." Na gane abin da yake nufi, ruwa ne ya shige ta. Jirgin Kawu ba irin kwale-kwalen katako ba ne da aka saba gani a ruwayenmu. Na faiba ne, tsawonsa ya kai mita shida, kuma ba inji ke tura shi ba, iska ce, ta hanyar wani babban ƙyalle da ake ɗagawa a jikin doguwar sanda. Wani Bature da ya yi aiki a yankin ne ya bar wa mai gadinsa, daga hannun magadan mai gadin Kawu ya saya. Ya daɗe a kife gindin tsamiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Sai da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya fi ƙarfin ɗan injin da Kawu ke zagaya komarsa da shi, sannan ya tuna yana da jirgin da ba ya shan komai. Allon nan da ke nutse a ruwa ta bayan jirgin, wanda ake karkata shi da sanda don a juya hagu ko dama, shi Kawu ke kira akala, kamar ta raƙumi. Ni ma da wannan sunan zan ci gaba da kiran sa.

Aikin faiba sana'ata ce. A Legas na koya, a wani wurin gyaran jirage, na dawo Kano ina ɗinke tankunan ruwa da bambar motoci. Na haɗa giranda da injin huda da samfefa da takunkumi a buhu, da sassafe na shiga mota a Unguwa Uku. Hazo ya rufe gari har direba na tafe da fitila a kunne. Muka haye gadar Tamburawa, muka karya ta Karfi, muka ratsa Bunkure. Duk inda ka duba kore ne shar, albasa da tumatir da alkama, alhali rabon ƙasa da ruwan sama ya fi wata biyu. Wannan duk albarkar Tiga ce. A zamanin Gwamna Audu Bako aka datse Kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974, aka tara ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2, shi ne ke bin magudanai yana shayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Na sha cin shinkafar Kura ban taɓa tsayawa na tuna daga inda ruwanta ya fito ba. A Rano na sauka a gindin duwatsu, na hau acaɓa zuwa wajen Rurum, daga nan kuma hanyar ƙasa muka bi, ƙura ta mayar da ni fari fat kafin mu hangi ruwa.

Tiga da hunturu ba ta nuna maka ɗaya gaɓar. Ruwa da hazo sun haɗe, sai ka ga mai gora ko ɗan kwale-kwale kamar a sararin sama yake shawagi. Na tarar da Kawu zaune kan turmi yana ɗinkin kalli. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura, sannan ya ce wa ɗansa ya ɗauko.

Mutum biyu ne suka ɗauko ta. Wannan kaɗai ya ishe ni labari, domin akala irin wannan yaro ɗan shekara goma sha biyar ya kamata ya saɓa a kafaɗa ya tafi. Ƙirarta ba wuya. Ɓawo biyu ne na faiba aka haɗa bakinsu kamar ƙwarya da murfinta, aka cika tsakiya da busasshen soso mai tauri marar nauyi. Ta sama wani bututun ƙarfe marar tsatsa ya shigo, shi ne ke hawa cikin jirgi har zuwa sandar da matuƙi ke riƙewa. A jikin bututun, can ciki inda ido ba ya gani, an yi waldar wasu ƙarafa masu faɗi kamar haƙarƙari, su ne ke kama soson su juya allon duka idan an murɗa sanda. Ta Kawu kuwa an shafe ta da kwalta baƙa ƙirin, ƙarƙashin kwaltar kuma ga fotin masu gyaran jikin mota an dame mata a wurare uku.

Na ari cokalin shayi na fara ƙwanƙwasa ta da gindinsa, daga sama zuwa ƙasa, taƙi bayan taƙi. Inda faiba ke manne da soso lafiya, ƙarar kan fito tsaf, ƙas-ƙas. Inda suka rabu ko ruwa ya kwanta, sai ka ji bup, kamar ka bugi kankana. Ina bugawa ina zagaye wuraren da alli, kafin na gama kusan rabin gefe ɗaya ya zama zane. Muka jingine ta a tsaye, na huda ƙananan ramuka biyu a can gindinta. Ruwa ya fara ɗiga, sannan ya zubo siriri. Na tara a murfin kwano. Launinsa kamar shayin da ba madara, warinsa tsami-tsami mai hawa kai. Warin bai dame ni ba, na saba da shi, haka ruwa ke yi idan ya daɗe cikin faiba. Jan ne ya tsaya mini a rai, domin ja a nan tsatsa ce, tsatsa kuwa daga ƙarfe take fitowa.

Kawu ya leƙa kwanon ya ce, "To ai ga shi ya fita. Toshe ramin ka shafa mata gam ɗinka, jibi ina son in kai mutane cin kasuwa."

Ban taɓa yi wa Kawu musu ba tun ina yaro. Shi ya yi mini kaciya, shi ya karɓo mini aure. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri, in ban buɗe ta na ga ƙarfen ba, hannuna ba zai taɓa ta ba." Ya ce sau biyu yana shafa mata kwalta tana yi masa aiki. Na ce kwaltar ce ta ƙara tsare ruwan a ciki. A jirgin katako kwalta da tsumma magani ne, don katako na kumbura ya matse kansa. Ita faiba ba ta kumbura, kuma ruwan ba ta jikin allon ya fi shiga ba. Na nuna masa wuyan akalar, daidai inda ƙarfe ya shige cikin faiba, ga wata 'yar tsaga kamar silin gashi ta zagaye shi. Ƙarfe da faiba ba sa miƙewa daidai da juna in rana ta buga su, ba sa kuma tsukewa daidai in sanyi ya sauka. Shekara da shekaru wannan na ja wancan na saki, ga murɗar tuƙi, dole bakin ya buɗe. Ta nan ruwa ke sulalawa kaɗan-kaɗan, ba shi da hanyar fita.

Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Abin da ke raina, wanda na kasa faɗa sai da Sarkin Ruwan ƙauyen ya zo ya zauna tare da mu, shi ne Bagwai. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da mutanen da suka taso daga Badau, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi, aka rasa aƙalla rai 29. Lodi ne ya yi yawa a wancan, ba akala ba, amma tun ranar duk jirgin da aka ce zai ɗauki mutane sai gabana ya faɗi. Jirgin iska in akalarsa ta saki a tsakiyar ruwa, ba tsayawa yake yi cak kamar mota ba. Juyawa yake ya ba iska gefensa, ƙyallen ya cika, ya kwanta. Sarkin Ruwa ya saurara har na gama, ya dubi Kawu ya ce, "Malam, bar yaron nan ya yi aikinsa." Kawu ya ce, "Yanka, ɗana."

Na ɗaura takunkumi, na sa yara su koma can nesa ta inda iska ke fitowa. Ƙurar faiba gilashi ce da aka niƙa, ta fi ƙaiƙayin gero cin jiki, in ta shiga huhu kuma ba ta da kyau ko kaɗan. Da ɗan janareton mai cajin waya na tayar da giranda, na yanke ɓawon gefe ɗaya, na bar yatsa uku daga baki, na ɗaga shi a hankali don zan mayar da shi. Soson da ke kewaye da ƙarfen ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi, da cokali muka riƙa kwashe shi. Haƙarƙarin uku ne. Na ƙasa lafiya lau. Na tsakiya ya yi ja amma yana nan daram. Na sama kuwa, da na sa yatsa na taɓa, sai ya motsa. Waldar ta tsage fiye da rabi, bakinta duk ƙananan ramuka kamar cin gara.

Mutane na jin an ce ƙarfe marar tsatsa sai su ɗauka har abada ne. Abin da ke kare shi wata siririyar fata ce da ke samuwa a kansa idan yana shan iska. A tsare shi cikin ruwan da ba ya motsi, inda iska ba ta kai wa, fatar sai ta mutu, tsatsa ta ci shi ta lungu, kuma wurin walda ta fi so. Kawu ya sa hannu ya girgiza ƙarfen da kansa. Bai ce komai ba sai "Innalillahi", ya tashi ya tafi alwala tun lokacin salla bai yi ba.

Washegari muka zare ƙarfen gaba ɗaya muka kai Rano. Mai walda na farko ba shi da sandar waldar ƙarfe marar tsatsa, ya ce ta baƙin ƙarfe ma za ta kama. Za ta kama, amma damina ɗaya ta ishe ta ruɓewa, don haka muka yi gaba har muka sami mai ita. Ya kankare tsohuwar waldar, ya sake dukkan ukun.

Saura bushewa, kuma a nan ne ba ni da abin yi sai jira. Gam ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. In ka rufe danshi a ciki, ka sake dasa cutar da hannunka. Na ƙara huda ramuka a sauran soson da bai lalace ba, na wanke cikin da ruwa mai tsabta don tsamin nan ya fita, muka rataye ta a rumfa inda iska ke ratsawa amma rana ba ta dukanta kai tsaye. A Legas mukan yi wata biyu muna jiran irin wannan, har da fitilu masu zafi, saboda iskar can jiƙaƙƙiya ce. A nan Allah ya ba mu hunturu, iskar da ke fasa leɓe da dunduniya, wadda ke busar da wanki kafin ka gama shanya. Muka ɗora akalar a sikelin mai sayen hatsi, na rubuta nauyin da gawayi a bangon zaure. Na ce wa ɗan kawuna kowace Juma'a ya auna ya rubuta a ƙasa, ranar da lamba ta daina sauka ya kira ni. Na kuma nuna masa ya manna farar leda a kan soson da yamma, ya toshe bakinta, in ya ga raɓa a cikinta da safe to da sauran aiki.

Daren nan matar Kawu ta yi mana miyar karfasa da tuwon masara. Ina kwance ina jin ruwa na dukan gaɓa, jikina na ƙaiƙayi duk da na yi wanka da ruwan sanyi, wanda shi ne ƙa'ida bayan aikin faiba.

Sati uku da kwana biyu sannan waya ta zo. Na koma da kayan da na tattaro a Sabon Gari, wani kuma sai da na aika Legas. Ruwan faiba da muke aiki da shi iri biyu ne. Akwai na gama-gari da muke ɗinke tanki da shi, mai arha, wanda ake ɗiga wa maganin daskarewa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Da irinsa aka ƙera jirgin tun asali, amma ba ya kama tsohuwar faiba da ƙarfi sosai, kuma a hankali danshi na ratsa shi. Akwai kuma ifoksi, ɗan'uwan gam ɗin nan mai tiyub biyu da ake haɗawa, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ya fi riƙo ya fi tsare ruwa. Na zaɓi ifoksi. Shi yana hawa kan na gama-gari ya zauna, na gama-garin ne ba ya zama da kyau a kansa, don haka wanda ya fara da shi sai ya ƙare da shi. Awonsa kuma ba a yi masa ƙiyasi. Yadda aka rubuta a jikin galan haka za ka auna, ni da sirinji nake yi. Ƙarin maganin daskarewa ba ya sa shi saurin kamawa, lalata shi yake ya bar shi da danƙo.

Muka kewaye rumfar da zana da leda, muka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Hunturun da ya taimake mu wajen bushewa shi ne abokin gaba a wajen shafi. Na dama ifoksi da garin kauri har ya yi kamar tuwon da bai gama nuna ba, na shimfiɗa, muka kwantar da ƙarfen a kai, na auna da zare na tabbatar ya miƙe da tsakiyar allon. In ya karkace ko kaɗan, jirgin zai riƙa janye wa gefe har ƙarshen rayuwarsa. Da ya kama, na zuba sabon soso, irin mai ruwa biyu da ke kumbura in an haɗa, na yanke abin da ya yi tozo, na mayar da ɓawon da na yanke.

A nan na yi kuskure ɗaya. Na haɗa gam mai yawa a gwangwanin madara da tsakar rana, na juya ina gyara ƙyalle. Kafin na waiwayo gwangwanin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, yana hayaƙi, ya daskare dunƙule guda. Ifoksi da kansa yake haifar da zafi in yana kamawa, in ya taru a wuri mai zurfi zafin sai ya ƙara masa sauri. Asarar ta yi mini ciwo don kuɗin Kawu ne. Daga nan na koma haɗa kaɗan-kaɗan a faranti mai faɗi, kuma na mayar da aikin bayan la'asar. Akwai ma wani dalili: in allo na ɗumama, iskar da ke cikin soso na fitowa ta huda shafin da ƙananan ƙuraje, in kuwa yana hucewa sai ya tsotse gam ɗin ciki.

Ɗinkin bakin shi ne wurin da aka fi ha'inci a sana'armu. Ba a haɗa baki da baki a shafe. Sai an fiƙe kowane gefe ya yi gangare, faɗin gangaren ya ninka kaurin ɓawon sau 12. Namu kaurinsa milimita 3 ne, don haka na ci kusan santimita 4 ta kowane ɓangare. Na goge da asiton, ruwan nan mai cire maiƙo, na yanka saƙaƙƙen ƙyallen gilashi falle-falle, mai faɗi a ƙasa, na bi da masu ƙanƙanta har ramin ya cika. Ƙyallen fari ne, amma in ya sha gam yadda ya kamata sai ya ɓace, ka riƙa ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Duk inda ya rage fari to iska ce ta maƙale, sai ka bi da buroshi kana dannawa har ta fita. Ɗan kawuna ya riƙe mini tocila, kafin falle na huɗu ya fara gano farin tabon kafin ni. Na kuma naɗe dukkan gefen allon da ƙyalle biyu, inda ɓawo biyun suka haɗu tun daga masana'anta.

Wuyan na bari ƙarshe. Na sassaƙa ɗan kwari kewaye da ƙarfen, na goge tas, na cika shi da gam mai taushi irin na jiragen ruwa wanda ke miƙewa ya dawo kamar roba. Abu mai tauri a nan sake tsagewa zai yi. Silikon na tagogi kuma ban yarda da shi ba, fenti ba ya kama shi, gam ma ba ya kama inda ya taɓa. Sannan shafi biyar na ifoksi a jikin allon duka, kowanne a kan na baya tun yana ɗan kama yatsa. Da ya kwana biyu na wanke shi da ruwa saboda wani maiƙo da yake fitarwa, na bi da samfefa, na shafa farin fenti. Rana na cin ifoksi in an bar shi tsirara, baƙin launi kuma zafi yake ja ya sake buɗe wuyan.

Sai da muka ƙara mata sati kafin ta taɓa ruwa. Ranar da za a gwada, ɗan kawuna shi kaɗai ya saɓo ta a kafaɗa. Muka zura ƙarfen a bututunsa, aka ɗaura sanda, Kawu ya yi bismilla ya ja igiya, ƙyalle ya hau. Ban taɓa shiga jirgin iska a ƙasar Hausa ba sai ran nan. Babu ƙara ko kaɗan, sai shuu ɗin ruwa a gefe. Iskar na busowa daga arewa maso gabas, inda muka nufa ke nan, sai na ga Kawu yana yanka ta a karkace, ya yi dama ya yi hagu kamar mai hawan dutse da jaki. Duk juyi sai ya ce mu sunkuya, sandar ƙyalle ta wuce ta kanmu, ya tura akala da yatsa biyu jirgin ya bi. Masu jefa birgi suka tsaya suna kallo, wani ya ɗaga mana filafili.

Da muka yi nisa har ƙauyen ya shige hazo, Kawu ya ce, "Zo ka riƙe, ɗana." Na karɓi sandar. Ana jin ruwan a tafin hannu, yana turowa kaɗan-kaɗan kamar numfashi. Na lura idona na kan wuyan akalar, ba kan hanya ba, har sai da ya taɓa kafaɗata ya nuna mini wani kan dutse da ya leƙo gabanmu.

Da yamma muka ciro ta, na bi ta da gindin cokali daga sama har ƙasa, ƙas-ƙas ko'ina. Muka kai ta sikeli, na rubuta sabon nauyin a bangon zaure ƙarƙashin tsofaffin lambobin, na ja masa layi biyu. Na ce wa ɗan kawuna ya sake aunawa kafin ruwan farko, ya kuma sake bayan kaka, in ta ƙaru ko da rabin kilo ne ya kira ni. Kawu ya sa aka ɗaure mini busasshiyar tarwaɗa a kwali, ya rako ni har bakin hanya, yana tsaye riƙe da carbinsa har acaɓan ya sha kwana.